Farin haske a idon yaro: kada a jira ya girma

Mu ma'aikatan lafiya da ke zagaya Aboabo da Asawase da Sabon Zongo a Kumasi, ƙasar Ghana, muna roƙon iyaye su duba hotunan yaransu da ke cikin waya, musamman waɗanda aka ɗauka da dare da fitilar waya. Idan hasken ya daki idon yaro mai lafiya, tsakiyar baƙin idon kan fito ja ko baƙi. Idan ya fito fari ko rawaya, yana ƙyalli kamar idon kyanwa cikin duhu, kuma ya sake fitowa haka a hoto na biyu da na uku, to likitan ido ya ga yaron a cikin makon nan. Sau da yawa yanar ido ce aka haife shi da ita, ko wata cuta daban. Amma wani lokaci sankarar ido ce, wadda likitoci ke kira retinoblastoma. Tana tsirowa a shimfiɗar bayan ido da ke karɓar haske, kuma kusan duk masu ita ba su kai shekara 5 ba. Alama ta biyu ita ce ido ya fara karkata, abin da muke ce wa harara-garke.

Wannan cuta ba ta da yawa, kusan yaro ɗaya ne cikin haihuwa 15,000 zuwa 20,000. Duk da haka ita ce ta buɗe wa duniya ƙofar fahimtar yadda sankara ke farawa. Wani likitan yara a Amurka, Alfred Knudson, wanda aka haifa a 1922 ya rasu a 2016, ya zauna da bayanan marasa lafiya 48 a birnin Houston, ya yi ta lissafi. Ya lura cewa yaran da cutar ta kama idonsu biyu tana bayyana musu da wuri, galibi a shekarar farko, kuma ƙarin kan fito a wurare da dama. Masu ido ɗaya kuwa sai sun ɗan tasa, ƙarin kuma guda ne. A 1971 ya fitar da bayaninsa: sai abu biyu sun lalace a cikin ƙwayar halitta guda kafin ƙari ya tsiro.

Ku ɗauki babur. Yana da birkin gaba da na baya. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da ƙwayar gado mai hana ta hayayyafa ba ƙa'ida, kuma biyu take da su, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Birki ɗaya ya tsinke, ɗayan ya isa ya tsayar. Yaron da aka haifa da birki biyu lafiyayyu, sai an yi rashin sa'a sau biyu a ƙwaya guda, shi ya sa cutar kan makara, ta tsaya a ido ɗaya. Wanda aka haifa ɗaya ya riga ya tsinke a duk jikinsa, saura tsinkewa ɗaya tak, kuma ƙwayoyin bayan ido miliyoyi ne, da wuya a rasa inda hakan zai faru. Knudson bai ga birkin da idonsa ba, lissafi ne ya nuna masa. Sai a 1986 masu bincike a Boston, Stephen Friend da Thaddeus Dryja da Robert Weinberg, suka ware ƙwayar gadon, aka sa mata suna RB1. Ita ce ta farko da aka gano cikin masu danne ƙari. Daga baya aka tabbatar da irinta da dama, ciki har da p53, wadda ake samu a lalace cikin kusan rabin sankarar ɗan Adam.

Ga amfanin wannan bincike a gidajenmu. Kusan yara 4 cikin 10 masu cutar suna ɗauke da nau'in da ake gado, kuma duk wanda ta kama idonsa biyu yana cikinsu. Idan ya girma ya haihu, kowane ɗa nasa rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Saboda haka idan an samu cutar a gida, ko akwai babba da aka cire wa ido yana ƙarami, a kai ƙannen yaron da duk jaririn da aka haifa a duba bayan idonsu tun makonnin farko, a kuma riƙa komawa ranar da likita ya sa. Ƙarin da aka kama yana ƙarami ana ƙone shi da hasken lesa ko a daskarar da shi, ido ya tsira, gani ya tsira.

A nan muna so surukai su saurara. Ba laifin uwa ba ne, ba abin da ta ci da ciki ba ne, ba kambun baka ba ne. Auren zumunci ma ba shi ke kawo ta ba. Yawancin yaran da ke ɗauke da nau'in gado a kansu lalacewar ta fara, iyayensu lafiya lau.

Inda ake asarar yara shi ne jinkiri. Ana ce wa abin hakiya, a ɗiga nono, a sa tozali, a sayo maganin ɗigawa a kemis. Hakiya a saman ido take, wannan kuwa can ciki yake, babu maganin ɗigawa da ke kai wa gare shi. Cikin watanni ƙarin ya cika idon, ya bi jijiyar gani zuwa ƙwaƙwalwa, ko ya turo idon waje. A ƙasashen da ake kamawa da wuri, fiye da yara 9 cikin 10 suna rayuwa. Idan ya fita daga ido, ceton rai ya yi wuya ƙwarai.

A Kumasi, a nuna wa ma'aikaciyar awon yara hoton, a karɓi takardar turawa zuwa sashen ido na asibitin Komfo Anokye. Mutanen Accra kuma asibitin Korle Bu. A tafi da katin inshorar lafiya, domin wannan cuta tana cikin sankarar yara huɗu da aka shigar cikin inshorar ƙasa. Za a ɗiga maganin buɗe ido, a yi sikanin, a sa yaron barci a duba ido biyun da kyau. Ba a tsira allura a ɗebo ƙarin don gwaji, domin hakan na iya watsa shi.

Idan ƙarin ya yi girma, likita zai ce a cire idon. Mun san nauyin wannan magana a zuciyar uwa da uba, kuma a nan ne wasu ke ɗauke ɗansu su tafi gida. Ku sani idon da ya kai wannan matsayi galibi ya riga ya daina gani. Bayan kamar mako 6 ana sa masa na roba mai kama da ɗayan, yaro ya yi makaranta da wasa da ido ɗaya.

Ƙarin ruwan maganin sankara kuwa yawanci haɗin magani uku ne, vincristine da etoposide da carboplatin, zagaye 6, da tazarar mako 3 ko 4. Gashi zai zube, zai kuma dawo. Kada a tsaya a zagaye na biyu don an ga yaro ya warware, ragowar ƙwayoyin ne ke dawowa. Maganin yana rage ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, don haka a ajiye ma'aunin zafin jiki a gida. Idan ya nuna 38 ko sama, a koma asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, kada a fara da maganin zazzaɓin sauro a gida.

Wanda ya warke daga nau'in gado birkinsa ɗaya ne har abada a duk jiki, wata sankarar na iya tsiro masa daga baya, shi ya sa likitoci ke kauce wa gasa shi da hasken radiyeshan, wato radiotherapy, idan da wata hanya. Iyaye su adana takardun asibitinsa, su gaya masa sunan cutar idan ya yi wayo. Ya nisanci sigari. Ciwon ƙashi ko kumburin da ya wuce mako 2 bai tafi ba, musamman a gwiwa lokacin samartaka, a kai shi a ɗauki hoton wurin, a kuma faɗa wa likitan cewa ya yi sankarar ido yana yaro.