Take Me Out (waƙar Franz Ferdinand)

Take Me Out waƙa ce ta ƙungiyar mawaƙa Franz Ferdinand, 'yan birnin Glasgow na ƙasar Sikotilan. Kamfanin Domino ya fitar da ita a Birtaniya ranar 12 ga Janairu, 2004, wata guda kafin fitowar kundinsu na farko mai ɗauke da sunan ƙungiyar. Ita ce waƙa ta biyu da suka sayar a faifai nata na kanta, kuma ita ta fitar da sunansu duniya. Tsawonta bai cika minti huɗu ba. An ɗauke ta a ɗakin kiɗa na Gula da ke Malmö a ƙasar Suwidin, ƙarƙashin kulawar Tore Johansson.

Asalin ƙungiyar

Mutum huɗu ne suka kafa ta wajen shekarar 2002, wasu majiyoyi kuma na cewa 2001: Alex Kapranos mai waƙa da jita, Nick McCarthy mai jita da fiyano, Bob Hardy mai jitar bes, da Paul Thomson mai ganguna. Wasanninsu na farko a wani tsohon sito da aka yasar suka yi su, wanda suka laƙaba wa suna Chateau. Sun sha faɗin cewa burinsu shi ne kiɗan jita da 'yan mata za su taka, a lokacin da yawancin 'yan kallon irin wannan kiɗa tsayawa kawai suke yi suna gyaɗa kai. Sunan ƙungiyar kuwa daga dokin sukuwa ya samo asali, wani doki mai suna Archduke Ferdinand, wanda ya ja hirarsu zuwa ga Franz Ferdinand, yariman Ostiriya da aka kashe a 1914.

Faifansu na farko, Darts of Pleasure, ya fito a Satumba 2003, ya tsaya a matsayi na 44 a jadawalin waƙoƙin Birtaniya.

Ginin waƙar

Abin da ya fi fice a waƙar shi ne yadda take sauya gudu. Tana farawa da sauri, jita na ta karta, murya na bin ta a guje. Kafin a cika minti ɗaya sai kiɗan ya soma ja da baya, kamar motar da aka taka wa birki a gangara, har ya sauka kan wani taku mai nauyi da ya dace da rawa. A nan ne sanannen salon jitar yake shigowa, jita biyu suna kira da amsawa, kuma waƙar ba ta sake komawa gudun farko ba.

Kapranos ya bayyana cewa matsala ce ta haifi wannan tsari. Baitocin sun fi daɗi da sauri, amshin kuma ya fi daɗi a hankali, duk gudun da suka zaɓa sai ɗaya ya lalace. Sai suka tattara baitocin gaba ɗaya a farko, suka rage gudu, suka bar amshi ya mallaki sauran waƙar.

Sunan waƙar a Turanci harshen damo ne: yana iya nufin a fita da mutum yawon soyayya, yana iya nufin a bindige shi. Kalmomin sun hau kan wannan. Mutum biyu ne a wurin shagali suna satar kallon juna, kowa na jiran ɗaya ya fara motsi, an kwatanta su da maharba biyu da suka saita juna. Kapranos ya ce hoton ya zo masa ne bayan kallon fim ɗin Enemy at the Gates, wanda ke kan maharban yaƙin Stalingrad.

Waƙoƙin bayan faifai

A zamanin garmaho faifai fuska biyu gare shi. Waƙar da ake son rediyo ta ɗauka tana fuskar farko, a bayanta kuma a sa wata da ba a damu ta yi kasuwa ba. Duk wanda ya taɓa juya kaset ya san gefen A da gefen B. Sunan gefen B ya zauna har bayan zuwan faifan CD, wanda ba a juya shi. Take Me Out ta fito a siga daban-daban, kowace da nata rakiyar.

All for You, Sophia ita ce mafi muhimmanci a cikinsu, domin a cikinta ƙungiyar ta taɓo mai sunan da ta ara kai tsaye. Tana ba da labarin ranar 28 ga Yuni, 1914, lokacin da Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon daular Ostiriya da Hangari, ya ziyarci Sarajevo tare da matarsa Sophie. Auren nasu na 1900 bai samu albarkar fada yadda ya kamata ba. Sophie ba 'yar gidan sarauta mai mulki ba ce, don haka sai da yariman ya yi rantsuwa cewa 'ya'yansu ba za su gaji sarauta ba, kuma a bukukuwan Vienna ba a barin ta zauna kusa da shi. Da safiyar ranar an jefa wa motarsu bam a kan titin Appel da ke gefen kogi, ya fashe a bayansu, ya raunata mutanen motar da ke biye. Bayan taro a zauren birni suka nufi asibiti duba waɗanda suka ji rauni. Direba ya yi kuskuren kwana, aka ce ya tsaya ya koma, motar ta tsaya daf da Gavrilo Princip, saurayi ɗan shekara 19. Harbi biyu ya yi, miji da mata suka mutu. Wata guda bayan haka Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi kan Sabiya, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya biyo baya. Waƙar ta ambaci Princip da ƙungiyar asirin nan ta Baƙin Hannu da sunansu. Yawan hannun da gwamnatin Sabiya ke da shi a kisan har yau masana tarihi na jayayya a kai.

Words So Leisured ita ce Darts of Pleasure da aka sake rerawa a hankali, an cire mata gaggawar.

Truck Stop ta fito a ƙaramin faifan garmaho. Wata siga ce ta waƙar da ta shiga kundin da suna Auf Achse, sunan wani wasan talabijin na Jamus kan direbobin manyan motoci. McCarthy a yankin Bavaria na Jamus ɗin ya girma.

An kuma sake sarrafa kiɗan don gidajen rawa, ciki har da aikin Morgan Geist da na Daft Punk.

Bidiyo da bangon faifai

Jonas Odell, ɗan Suwidin, shi ya shirya bidiyon. Ya haɗa hotunan mawaƙan da yankakkun zane-zane na injuna, ƙafafuwa da hannaye, a salon masu zanen Dada da na Rasha na shekarun 1920. Bangon faifan ma daga can aka aro shi, daga hoton talla da Alexander Rodchenko ya zana wa wani fim na Dziga Vertov na 1926. Bidiyon ya ci kyautar MTV a 2004.

Karɓuwa

A Birtaniya waƙar ta kai matsayi na 3, a makon da Michelle McManus, ita ma 'yar Glasgow, ke riƙe da na ɗaya. A Amurka ta kai na 66 a babban jadawalin Billboard, da na 3 a jadawalin kiɗan rok na zamani. Masu sauraron gidan rediyon Triple J na Ostireliya sun zaɓe ta waƙar shekarar 2004. An sa ta takarar Grammy a 2005 amma ba ta ci ba. Kundin da ta fito a ciki ya lashe kyautar Mercury a 2004, ƙungiyar kuma ta samu kyautar Brit biyu a 2005.

Daga baya an sa waƙar a wasannin kwamfuta, ciki har da Guitar Hero na 2005. Tana cikin tarin fitattun waƙoƙinsu, Hits to the Head, na 2022.