Kare na'urorin lantarki daga radiyeshan a sararin samaniya

Fanni ne na injiniyanci da ke nazarin yadda za a ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da sauran kayan lantarki su jure wa radiyeshan, wato ƙananan ƙwayoyi masu tsananin ƙarfi da ke fitowa daga rana da can cikin sararin samaniya. A doron ƙasa, iska da ƙarfin maganaɗisun duniya ne ke tare mafi yawansu.

Tarihi

A 1958 tauraron ɗan'adam na Amurka, Explorer 1, ya gano zobban radiyeshan da suka kewaye duniya, waɗanda aka sa wa sunan masanin kimiyya James Van Allen. Babban darasi kuwa sai a 1962. Ranar 9 ga Yuli Amurka ta tayar da bam ɗin nukiliya a sama, a gwajin Starfish Prime, kashegari kuma aka harba tauraron sadarwa Telstar 1. Radiyeshan ɗin gwajin ya lalata masa taransistoci, wato ƙananan sassan da ke sarrafa wutar lantarki a cikin na'ura, ya yi shiru wajen ƙarshen shekarar. Injiniyoyi sun farfaɗo da shi na ɗan lokaci, amma a Fabrairun 1963 ya mutu murus.

Illoli

Wata illar taruwa take yi sannu a hankali har na'ura ta gaji. Wata kuma farat ɗaya ce: ƙwaya guda ta juya 0 ya koma 1 a ma'adanar bayanai, ko ta buɗe wa wuta hanyar da za ta ƙona na'urar.

Dabarun kariya

Akwai sulke. Kumbon Juno, da ya isa duniyar Jufita a 2016, an adana kwamfutarsa cikin akwatin ƙarfen titaniyam mai kaurin kusan santimita 1. Sai dai nauyi tsada ne wajen harbawa, shi ya sa aka fi dogaro da ƙira. Ƙwaƙwalwar kwamfuta RAD750 ta kamfanin BAE Systems, wadda ke tuƙa motocin bincike Curiosity da Perseverance a duniyar Mas, gudunta bai wuce megahaz 200 ba. Wayar hannu ma ta fi ta sauri nesa ba kusa ba, amma ba juriya ba. Akan kuma sa na'urori 3 su yi lissafi ɗaya, a ɗauki amsar da biyu suka yarda da ita.

Har yanzu ana saɓani kan amfani da kayan lantarki na kasuwa masu araha, waɗanda ba a ƙera su don jure wa radiyeshan ba, a sararin samaniya.

A Zariya

Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello na da ƙaramin injin nukiliya na bincike, NIRR-1, wanda ya fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. An fi amfani da shi wajen tantance sinadarai da horar da ɗalibai kan radiyeshan.