Mene ne FPS, kuma me ya sa tsohuwar kwamfuta ke cijewa a wasan harbi?

Ka leƙo ta bayan katanga, ka hango abokin gaba, ka ja maus domin ka saita shi, sai hoto ya ƙame na ɗan ƙiftawar ido. Kafin ya dawo an riga an kwantar da kai. Duk wanda ya taɓa buga wasan harbi a kwamfutar da ta kwana biyu ya san wannan takaici, kuma ya san abin da masu wasa ke cewa idan hakan ta faru: "FPS ɗina ne ya faɗi."

Haruffan nan uku suna da ma'ana biyu a duniyar wasannin kwamfuta, shi ya sa sabon shiga ke rikicewa. Ta farko sunan nau'in wasa ce, wato wasan harbin da kake kallon duniya ta idon ɗan wasanka, ba ka ganin jikinsa sai hannu da bindiga, irin su Counter-Strike, Valorant da Call of Duty. Ta biyu kuwa ma'auni ce: hotuna nawa kwamfutarka ke iya zanawa a cikin sakan ɗaya. Wannan ta biyun ita ce maganarmu, kodayake a irin wancan wasan ne aka fi kuka da ita.

Babu abin da ke motsi da gaske a kan allo. Hotuna ne tsayayyu ake jerawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, ido ya haɗa su ya ga motsi. Kowane ɗaya daga cikinsu shi ake kira firem. Fim ɗin silima yana tafiya ne a kan hotuna 24 a sakan, tun ƙarshen shekarun 1920 da aka fara haɗa fim da sauti, kuma ba wanda ke ƙorafi. To me ya sa 24 ɗin nan ke zama azaba a wasa? Dalili biyu ne. Kyamara tana ɗaukar abu mai motsi da ɗan dishi-dishi, wanda ke like hoto da na bayansa, alhali hoton wasa tsaf yake fitowa, saboda haka tsallen da ke tsakanin hotuna biyu a fili yake. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, a fim kallo kawai kake yi. A wasa hannunka ne ke ba da umarni, kana kuma jiran ka ga amsa.

Nan ne ya kamata a juya lissafin. Maimakon a tambayi hotuna nawa ake samu a sakan, a tambayi tsawon lokacin da hoto ɗaya ke ci. Sakan ɗaya milisakan 1000 ne. A kan FPS 30, kowane hoto yana cin milisakan 33 da ɗoriya. A kan 60, kusan 16.7. A kan 120, kusan 8.3. Duba da kyau: wanda ya tashi daga 30 zuwa 60 ya rage jiran kusan milisakan 17 a kowane hoto, wanda kuwa ya tashi daga 120 zuwa 240 abin da ya samu bai wuce 4 da ɗan wani abu ba. Wato mai tsohuwar kwamfuta shi ya fi kowa cin ribar kowane hoton da ya ƙaru. Hotuna goma da zai ƙwato daga 25 zuwa 35 sun fi tasiri a hannunsa fiye da ɗari da mai sabuwar na'ura zai ƙara a kan 200.

Akwai kuma yaudarar da lambar FPS da ake iya kunnawa a kusurwar allo ke yi. Matsakaici take nunawa. A ce a cikin sakan ɗaya an zana hotuna 50, amma ɗaya daga cikinsu shi kaɗai ya ci kashi ɗaya bisa biyar na sakan ɗin. Lamba za ta ce 50, ta yi kyau a ido, hannunka kuwa ya ji cijewar. Shi ya sa masu gwada kayan kwamfuta ba sa tsayawa a kan matsakaici, suna duba kashi 1 cikin 100 na hotunan da suka fi kowanne jinkiri. A ganina wannan ita ce lambar da ta shafi mai tsohuwar kwamfuta. Wasan da ya tsaya daram a kan 40 ya fi daɗin bugawa a kan wanda ke lilo tsakanin 70 da 25, domin hannu yana sabawa da jinkirin da bai canzawa, amma ba ya sabawa da na ba-zata.

Kafin a ci gaba, a raba FPS da fing, don ana yawan ɗora wa ɗaya laifin ɗaya. Fing lokacin da saƙo ke ɗauka ne daga kwamfutarka zuwa sabar wasan, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, ya dawo, matsalar intanet ce. Idan hoto yana tafiya sumul amma abokan wasa suna ɓacewa su ɓullo a wani wuri, ko ka yi harbi a makara wajen lissafa maka, intanet ce. Idan kuwa duk allon ne ke tsitstsayawa ko da kai kaɗai ne a filin atisaye, kwamfutarka ce.

Hoto ɗaya aikin ma'aikata biyu ne. Furosesa, wato CPU, ita ke lissafin inda kowa yake, inda harsashi ya nufa, abin da ya fashe, sautin da za a ji, sannan ta miƙa wa katin zane, wato GPU, jerin abin da zai zana. Shi kuma ya cika kowane ɗigo na allo da launinsa, da haske da inuwa. Wanda ya fi jinkiri a cikinsu shi ke yanke saurin tafiya, ɗayan sai dai ya zauna jira. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shiga saiti a sauke komai ƙasa, wasa ya koma abin tausayi, FPS kuma bai motsa ba, saboda an sauke wa katin zane kaya alhali furosesa ce ke nishi.

Gwajin gano mai laifin ba shi da wuya. Kunna lambar FPS tukuna: Steam, dandalin sayen wasannin kwamfuta, yana da nasa ma'aunin, yawancin wasanni ma suna da shi a cikin saiti, manhajar MSI Afterburner kuma tana ƙara maka har da zafin na'ura. Tsaya a wuri ɗaya cikin wasa ka duba lamba. Sai ka rage yawan ɗigon hoto sosai, misali daga 1920×1080 zuwa 1280×720. Na farko ɗigo 2,073,600 ne, na biyu 921,600, bai kai rabi ba. Idan lamba ta yi sama, katin zane ne ya gaza, kuma kana da abin yi da yawa. Idan ta tsaya inda take, furosesa ce, ko kuma wani abu ne ya ɗaure wasan. Kar Task Manager na Windows, mai nuna yawan aikin da na'ura ke yi, ya ruɗe ka da cewa furosesa tana aiki da kashi 40 kawai. A cikinta akwai sassa da dama masu aiki kafaɗa da kafaɗa, kuma wasa yana iya ƙure ɗaya sauran suna hutawa.

Idan katin zane ne, yawan ɗigon nan shi ne babban makami, sai inuwa. Inuwa tana da tsada ƙwarai wajen zanawa. Amma a wasan gasa kar ka kashe ta gaba ɗaya idan wasan ya ba da zaɓi, domin wani lokaci inuwar abokin gaba ce ke tona masa asiri kafin ya ɓullo. Bayan ita sai saitin da ke goge haƙoran zarto a gefen abubuwa: nau'in MSAA yana da nauyi, FXAA kuwa kusan kyauta ne, sai dai yana ɗan dusashe hoto. Hasken da ke dawowa daga ruwa da gilashi, hayaƙi mai kauri, ciyayi, duk a sauke su. Dishi-dishin motsi da wasanni ke ƙarawa don su yi kama da fim, ni dai ban ga amfaninsa ga mai son ganin wanda zai harba ba. Ingancin fatar bango da tufafi kuwa daban yake: ba ƙarfin kati yake ci ba, wurin ajiyarsa yake ci. Muddin ya shiga cikin ma'ajiyar katin, kusan ba ya rage komai. Da zarar ya yi mata yawa, sai cijewa ta fara. Kati mai 2GB ba ya son a matsa masa a nan.

Dabarar rage hoto ba sabuwa ba ce. Doom na kamfanin id Software, wanda ya fito a 1993, iyakarsa hotuna 35 ne a sakan, kuma kwamfutoci da yawa na lokacin ba sa kaiwa nan. Sai aka ba mai wasa damar matse tagar wasan ta koma ƙarama a tsakiyar allo, ado ya kewaye ta. Jikan wannan dabara shi ne FSR da kamfanin AMD mai ƙera katin zane ya fitar a 2021: wasa ya zana ƙaramin hoto, a buɗa shi ya cika allo, a ɗan ƙara wa gefunansa kaifi. Fitowarsa ta farko tana aiki har a kan tsofaffin katuna, na AMD da na Nvidia. DLSS, irin wannan dabara ta kamfanin Nvidia, kuwa sai katinsa na RTX, don haka mai tsohon kati ya cire rai da shi.

Idan furosesa ce, hannunka ya fi ɗaurewa. Abin da za ka iya shi ne ka sauke mata duk wani kayan da ba na wasa ba: burauza mai shafuka barkatai a buɗe, manhajar da ke naɗar bidiyon wasa a bayan fage, sabuntawar da ke saukowa ba ka sani ba. A cikin wasa kuma ka rage nisan da ake zana abubuwa da yawan tarkacen fashewa. Fagen da ke ɗaukar mutum ɗari ya fi wahalar da ita a kan na biyar da biyar. Fortnite ma tun ƙarshen 2020 ya kawo yanayi na musamman domin kwamfutoci marasa ƙarfi.

Sai mai laifi na uku, wanda ba ya cikin saiti ko kaɗan, kuma a tsohuwar na'ura shi nake fara zargi: zafi. Alamarsa ba ta ɓuya. Wasa ya fara lafiya lau, bayan minti goma ko ashirin ya fara ja da baya, fanka tana ihu. Furosesa da katin zane suna rage gudun kansu da kansu idan zafi ya yi yawa, don kar su ƙone. A furosesa da dama hakan na faruwa ne wajen digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos. Shekara da shekaru ƙura tana taruwa a bakin fanka har ta zama kamar auduga, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke kwashe zafinta kuma ya bushe. Busa ƙurar nan da sabunta man yana iya dawo da abin da saiti goma ba su dawo da shi ba. Laftof kuma ba a ɗora ta a kan katifa ana wasa, kuma a bar ta a jone da caja, domin a kan batir da gangan take rage ƙarfi. Idan mai katin zane biyu ce, ƙarami da babba, tabbatar wasan a kan babban yake gudana. Ana yin wannan ɓatan kai fiye da yadda ake zato.

Wanda ba shi da katin zane na daban, sai wanda ke haɗe da furosesa, irin su Intel HD, ya kula da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Irin wannan kati ba shi da ma'ajiyar kansa, ta kwamfuta yake ara. RAM guda biyu masu 4GB suna buɗe masa hanya biyu, guda ɗaya mai 8GB hanya ɗaya kawai, kuma bambancin yana fitowa a FPS. Sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD yana sa wasa ya buɗe da wuri, yana kuma rage cijewar da ake samu lokacin ɗauko sabon yanki na fage, amma kar ka sa ran matsakaicin lamba ya tashi. Direban katin zane, wato manhajar da ke tafiyar da katin, a sabunta shi daga shafin kamfanin da ya ƙera katin. Manhajojin nan masu alƙawarin ninka FPS da dannawa ɗaya kuwa, mafi kirkinsu rufe wasu manhajoji kawai yake yi, abin da kai ma za ka iya, marasa kirkin kuma su ne ƙarin kaya.

Wani lokaci kuma wasan ne ya wuce kwamfutar. Da kamfanin Valve ya maye gurbin tsohon Counter-Strike, wato CS:GO, da Counter-Strike 2 a watan Satumba na 2023, na'urorin da suka yi shekaru suna ɗaukar tsohon cikin sauƙi sun ji a jikinsu. Valorant kuwa, da Riot Games ya fitar a 2020, da gangan aka gina shi don ya tashi a kan ƙananan na'urori.

Saura maganar allo. Mafi yawan tsofaffin allo sau 60 suke sabunta hoto a sakan, abin da ake rubutawa 60Hz. Idan kwamfuta da allo ba su daidaita ƙafa ba, sai ka ga hoto ya tsage a tsakiya, sama da ƙasa ba su haɗu ba. V-Sync yana maganin wannan ta hanyar sa kati ya jira allo, amma jiran yana ƙara nauyi a maus, kuma a tsarinsa na asali, idan kati ya kasa kai 60 ko da kaɗan ne, sai ya faɗo 30 kai tsaye. Shi ya sa masu wasan harbi suka fi kashe shi su haƙura da tsagewar. Abin da ya fi dacewa da na'urar da ta tsufa shi ne a sa mata iyaka. Buga zagaye biyu ko uku, ka lura da inda lamba ke sauka idan wuta ta yi wuta, gurneti na fashewa, hayaƙi ya turnuƙe. Idan tana yawo tsakanin 45 da 75, ɗaure ta a 50 daga saitin wasan ko na direban kati. Za ka rasa lambar nan mai faranta rai da kake gani idan kana fuskantar bango, amma tazarar da ke tsakanin hotuna za ta daidaita, kati zai samu sararin hucewa, kuma zafin da ke jawo faɗuwar bayan minti ashirin zai yi jinkirin zuwa.