Daga Gulma zuwa Tsaigumi: inda ƙera jirage marasa matuƙa ke cijewa a Kaduna

Maganar ƙera kayan yaƙi a Kaduna ta girmi yawancin masu yin ta. A 1964 aka kafa DICON, kamfanin ƙera makamai na gwamnati, a Kakuri, kamfanin Fritz Werner na Jamus ya girka injinan yin bindigogi da harsasai. Harkar jirage kuwa can Mando ta yi saiwa, a sansanin sojin sama, inda makarantar koyon fasaha ta sojin sama, AFIT, take. Tun a shekarun 1990 an harhaɗa jiragen horar da matuƙa 60 a garin, waɗanda ake kira Air Beetle, sai dai zanensu da sassansu na Amurka ne.

Rashi ne ya tura sojoji neman na gida. A 2006 Najeriya ta sayo jiragen leƙen asiri marasa matuƙa samfurin Aerostar daga Isra'ila, amma da aka sace 'yan matan Chibok a 2014, rahotanni suka nuna suna ajiye, babu kayan gyara. A wannan tsakanin injiniyoyin AFIT, da haɗin gwiwar jami'ar Cranfield ta Ingila, suka yi ta gwada ƙananan jiragen da suka raɗa wa Amebo. A Disambar 2013 Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da Gulma a Kaduna, a Fabrairun 2018 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, wanda aka yi da taimakon kamfanin UAVision na Fotugal. Sunayen ma sun faɗi aikin: su gano, su kawo labari. An bayyana cewa Tsaigumi zai iya wuce awa 10 a sama, ya hau ƙafa 15,000, ya yi aiki a nisan kilomita 100. Duk da haka, da yaƙi ya yi tsanani, Sin da Turkiyya aka nufa, aka sayo CH-3 da Wing Loong II da Bayraktar TB2.

A nan gizo ke saƙa. Yin jirgi ɗaya na ranar biki aikin ƙwararru kaɗan ne, yin ɗari masu kama da juna aikin masana'anta ne. A ɗauki ƙaramin jirgi mai farfela huɗu, irin wanda soja zai goya a jaka. Gangar jikinsa da farfelu da wayoyi da akwatin ɗaukarsa duk ana iya yi a Kakuri. Amma injinansa huɗu na lantarki suna buƙatar maganaɗisu mai ƙarfi da kusan dukkansa daga Sin yake fitowa. Haka ƙwayoyin batir na litiyam, da allon da ke daidaita tashi, da kyamarar da ke ganin zafin jiki da dare, wadda sau da yawa ta fi sauran jirgin tsada. Kowanne sai da dala, sai kuma da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Tun Satumbar 2023 Sin ta tsaurara fitar da wasu sassan. Sashe ɗaya ya maƙale a hanya, jirage hamsin sun zauna a kan tebur. Mutanen Kaduna sun ga irin wannan a kamfanin Peugeot: harhaɗawa daban, ƙerawa daban.

Sai yanayinmu, wanda mai zane a Turai bai yi lissafinsa ba. Ƙurar hunturu tana shiga boris ɗin injin ta cinye shi, tana toshe matatar iska ta masu amfani da fetur, tana dusashe gilashin kyamara. A zafin bazara iska kan yi sako-sako, farfela ba ta kama ta sosai, injin ya ƙara jan wuta, lokacin tashi ya ragu. Batir ya fi shan wahala. Ƙwayar batir ɗaya tana cika a bolt 4.2 (ma'aunin ƙarfin lantarki), idan za a ajiye ta sai a sauke ta zuwa kimanin 3.8. A bar ta cike cikin mota a rana, ta kumbura, wani lokaci ta kama wuta. A masana'anta ma, fiffiken da ake gasawa a tanda idan aka ɗauke wuta kafin danƙon ya kama, a ido lafiya lau yake, a sama yake tsagewa.

Akwai kuma abin da injin ba ya magancewa. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgin sojin ƙasa marar matuƙi ya kai hari kan masu Maulidi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Horar da mai karanta hoto da mai ba da umarni yana cikin aikin, ko a ina aka ƙera jirgin.

A Nuwambar 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar DICON, wadda ta faɗaɗa damar haɗa hannu da kamfanoni masu zaman kansu. Lokaci ya ƙure, domin ƙungiyar ISWAP, wadda ta ɓalle daga Boko Haram, ta riga ta fara amfani da ƙananan jirage marasa matuƙa da ake sayarwa a kasuwa a yankin Tafkin Cadi. Amma ba ɗan kasuwar da zai sayi tanda da janareta, ya ɗauki ma'aikata, don kwangilar jirgi biyar. Abin dubawa a kowace yarjejeniya shi ne guda nawa za a saya a shekara, na shekara nawa, wa ke riƙe da zane da manhajar, kuma injina da batira nawa za a ajiye a Kaduna don gyara.