Ma'anar "pot ods" a wasan poka na intanet

Pot ods kalma ce da ake ji a bakin masu buga kartar poka a waya, kuma tana nufin auna kuɗin da aka nemi mai wasa ya zuba da kuɗin da zai kwasa idan ya ci, domin ya gane ko biyan zai fitar da shi idan aka yi ta maimaita irin wannan yanayi. Pot shi ne kuɗin da aka tara a tsakiya. Wasan dai caca ne, wadda aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta, kuma iya lissafi bai sauya masa hukunci ba.

A nau'in Texas Hold'em ana amfani da kati 52, kowa yana riƙe da biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku da farko, sai ɗaya, sai na ƙarshe. A ce an buɗe huɗu, mai wasa kuma ya haɗa kati huɗu masu zane iri ɗaya, yana jiran na biyar, domin kati biyar masu zane iri ɗaya hannu ne mai ƙarfi (hannu shi ne haɗin katunan mai wasa). Kowane zane kati 13 ne, saboda haka saura 9 da za su cika masa hannu a cikin 46 da bai gani ba, wato damarsa ba ta kai kashi 20 cikin ɗari ba.

Idan akwai naira 3,000 a tsakiya, abokin karawa ya zuba 500, to mai wasan zai biya 500 ne domin neman 4,000 (har da kuɗin da shi ya zuba), abin da ke nufin cin kashi 12.5 cikin ɗari ya ishe shi mayar da kuɗinsa, don haka biyan yana da hujja. Amma da abokin karawar 3,000 ya zuba, da sai ya biya 3,000 domin neman 9,000, wanda ke buƙatar kashi 33, kuma a nan ajiye kati shi ne daidai komai kyan hannun a ido. A wannan gaɓa masu wasan ƙananan kuɗi sukan yi asara, domin suna raina kuɗin, suna biya ba tare da lissafi ba don kawai su ga katin ƙarshe. Shi ya sa cika baki, wato zuba kuɗi da hannu maras ƙarfi don wasu su ajiye kati, ba ya cika tsorata su.

Lissafin yana da iyaka, domin katin da ake jira yana iya fitowa kuma a tarar wani ya fi ƙarfi. Ga kuma kamashon da masu shafin ke cira daga kuɗin tsakiya, wanda a shafuka da dama yake kai kashi 5 cikin ɗari har zuwa wani adadi da ba a wucewa. Teburan manyan kuɗi suna saurin kaiwa wannan adadi, ƙanana kuwa ba kasafai ba, don haka nauyin ya fi faɗawa kan mai ƙaramin kuɗi. Idan a misalin nan 1,000 aka zuba, a takarda kashi 20 ake buƙata domin neman 5,000, amma da zarar an cire 250, abin da ake nema ya koma 4,750, buƙatar kuma ta haura kashi 21.