Cavayé Yéguié Djibril: yaya aka yi ya daɗe haka a kan kujerar shugaban majalisar dokokin Kamaru?

Wane ne shi, daga ina ya fito?

Ɗan Mada ne, a yankin Tokombéré cikin Mayo-Sava, a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. An haife shi a 1940. Malamin wasannin motsa jiki ne kafin siyasa ta ɗauke shi tun zamanin Ahmadu Ahijo. Ya kuma zama lamiɗon Mada, wato sarauta a hannun dama, siyasa a hagu.

Ta yaya ya zama shugaban majalisar dokoki?

Zaɓen depitoci na Maris 1992 ne mafari. Jam'iyyar adawa ta SDF ta ƙaurace, jam'iyyar RDPC ta shugaban ƙasa Paul Biya ta sami kujeru 88 cikin 180, UNDP ta Bello Bouba Maigari ta kwashe 68, akasari daga arewa. Sai da RDPC ta jingina da kujeru 6 na MDR ta Dakole Daïssala kafin ta sami rinjaye. Biya na neman ɗan arewa wanda ba zai ba shi ciwon kai ba. Aka yi musaya: kujerar firaminista, wadda a da Sadou Hayatou ɗan Garwa ke kai, ta koma hannun masu magana da Ingilishi ta hanyar Simon Achidi Achu, shugabancin majalisa kuma ya koma arewa. Cavayé ya hau, ya zarce shekara 30 a kai.

Me ya sa ake ce masa ɗan mazan jiya?

Don a wajensa abin da aka tarar a bar shi yadda yake: sarakuna a martabarsu, jam'iyya a kan mulki, Biya a fada. A ƙarƙashinsa majalisa ta gyara tsarin mulki a Afrilun 2008, aka cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa. A 2017 depitocin SDF suka yi ta waƙa da hayaniya a zauren don a tattauna rikicin yankunan Ingilishi, bai buɗe ƙofar ba.

To arewa me ta samu?

Nan ne gardama take kaurewa a majalisun shayi na Marwa da Mora. Magoya bayansa na lissafa 'ya'yan yankin da suka sami muƙamai. Ni dai hanyar Mora zuwa Kusiri nake dubawa, da ƙauyukan Mayo-Sava da Boko Haram ta tarwatsa tun 2014. Ƙarfin kujerar ma ya ragu a 2013 da aka kafa majalisar dattawa, domin a lokacin shugabanta ne aka tanada ya yi riƙon ƙwarya idan fadar shugaban ƙasa ta zama ba kowa.