Rediyon hannu mai zanguna da yawa da lasifikar Bluetooth

Rediyon hannu mai zanguna da yawa ƙaramin akwatin rediyo ne mai aiki da batir, wanda ke kama tashoshi a zangon FM da matsakaicin zango da gajeren zango. A ƙirar da ta yaɗu a shekarun nan ana ƙara masa Bluetooth da gurbin memori da na filash, ta yadda akwati ɗaya zai zama rediyo, ya zama lasifikar wayar salula, wani lokaci ma har da tocila. A kasuwannin Zariya, daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada da Samaru, ana samunsa a shagunan kayan lantarki da teburan masu sayar da caja, kuma mutane da dama kan haɗa shi da sauran ƙananan lasifiku su kira su duka MP. Wannan haɗawar ita ce tushen kuskuren da ake yawan yi wajen saye, domin akwai akwatin da aka ƙera shi a matsayin rediyo sannan aka ƙara masa Bluetooth, akwai kuma lasifikar da aka maƙala wa rediyo don a cika rubutun kwali, kuma tsakanin biyun akwai rata mai yawa ko da farashinsu ya zo ɗaya.

Asali

An ƙirƙiro taransista, wato ƙaramar na'urar lantarki mai ƙara ƙarfin sigina, a Amurka a 1947, kuma a 1954 aka fara sayar da rediyon aljihu na farko mai amfani da ita, Regency TR-1, kafin kamfanin Sony na Japan ya fito da nasa a 1955. Wannan ya zo daidai da lokacin da Hausa ta fara samun gurbi a manyan tashoshi. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a ranar 13 ga Maris, 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962 kafin ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyo Faransa kuma a 2007. Saboda haka a ƙasar Hausa gajeren zango bai taɓa zama abin ƙwararru kaɗai ba. Manomi a Giwa ko Soba da mai shayi a bakin Kwangila duk sun san inda allura take tsayawa idan lokacin labarai ya yi. Daga baya rediyoyin ƙirar Sin masu araha, irin su Kchibo, suka maye gurbin National da Sony a hannun talaka.

Zanguna da abin da kowanne ke kawowa

Zangon FM yana tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108. Muryarsa ta fi kowanne tsabta, amma tafiyarsa gajera ce, domin ba ya lanƙwasawa ya bi doron ƙasa sosai, kuma duwatsu da gine-gine na tare shi. Tashoshin cikin gari, kamar Queen FM da gidan rediyon Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kusan kowane akwati zai kama su. Inda ake gane rediyo na ƙwarai shi ne tashoshin Kaduna, waɗanda ke da nisan kimanin kilomita 80 daga Zariya: akwati mai kunne zai kawo su da eriya a miƙe, marar kunne kuwa sai shuu, ko kuma tashar gida mai ƙarfi ta malale ta danne su.

Matsakaicin zango, wanda ake rubuta wa MW ko AM a jikin akwati, yana tsakanin kilohaz 531 zuwa 1602 a Afirka da Turai. A nan aka daɗe da sanin Rediyon Tarayya Kaduna a kan 594 da Nagarta a kan 747. Wannan zango ba ya amfani da doguwar eriyar da ake ja. Akwai wata baƙar sanda a cikin akwatin da aka naɗe da siririyar waya, ita ce ke kamo shi, kuma gwargwadon tsawonta gwargwadon kamun. Shi ya sa juya akwatin gaba ɗaya ke gyara muryar tasha, kuma shi ya sa rediyoyin da aka matse su ƙwarai suke da rauni a nan. Akwai wani abu da masu saye ba su cika lura da shi ba: a Afirka tazarar da ke tsakanin tasha da tasha kilohaz 9 ce, a nahiyar Amurka kuwa 10 ce. Rediyo mai lamba a allo wanda aka saita don kasuwar Amurka zai yi tsalle daga 590 zuwa 600, ya tsallake 594. Masu kyau suna da maɓallin sauya wannan, kuma ya kamata a tambaya tun kafin a biya kuɗi.

Gajeren zango shi ne ke kawo tashoshin nesa, domin igiyarsa na hawa sama ta bugi wani sashe na sararin samaniya da hasken rana ke caza shi, ta dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. An rarraba shi zuwa mitocin da masu gabatarwa ke ambata, wato mita 49 da 41 da 31 da 25 da 19 da 16 da 13. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 300 da adadin megahaz, sai a sami mita. Alal misali, kilohaz 6090, inda aka san Kaduna da shi, megahaz 6.09 ke nan, wato mita 49. Da rana mitoci 19 da 16 da 13 sun fi tafiya, da dare kuma 49 da 41 da 31. Tashoshin waje suna sauya mitocinsu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, saboda haka ɓacewar tasha daga inda aka saba jinta ba lallai ne laifin akwati ba. Gaskiya ne cewa tashoshin waje sun rage sa'o'insu a gajeren zango, sun koma bai wa gidajen FM na cikin gida shirye-shiryensu da kuma intanet, amma ga wanda ke kwana a gona ko ruga, inda FM ke yankewa kuma babu sabis, har yanzu shi ne hanyar da ba ta cin data.

Rubutun zango 8 ko zango 12 da ake bugawa a kwali ba ya nuna ƙarfi. Yawanci FM ɗaya ne, matsakaicin zango ɗaya, sauran kuma gajeren zangon ne aka yayyanka. Amfanin yankawar kawai shi ne allura ta sami fili, tashoshi su daina cunkushewa. Abin dubawa shi ne ko kamun ya faro daga wajen megahaz 5.9 ya kai 18, ko ma 22.

Bluetooth da memori

Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikin Bluetooth a 1994, kuma an samo sunan daga wani sarkin Denmak na ƙarni na 10, Harald, wanda ake yi wa laƙabi da Bluetooth. Yana aiki a kan gigahaz 2.4, kuma a ƙananan na'urori tazararsa ba ta cika wuce mita 10 ba, bango kuma yana rage ta. A rediyoyi masu araha hanyarsa ɗaya ce: yana karɓar sauti daga waya ya fitar a lasifika, amma ba ya tura shirin rediyo zuwa abin kunne marar waya. Ba kowane rediyo mai memori ne ke da Bluetooth ba. Retekess V115, alal misali, yana karanta memori amma ba shi da shi, XHDATA D-109 kuwa yana da duka biyun. Ga mai sauraron karatun Alƙur'ani ko tafsiri ko wa'azi mai tsawo, abin da ya fi muhimmanci shi ne akwatin ya riƙe inda aka tsaya idan an kashe shi, ya kuma ba da damar tsallakawa zuwa lamba kaza, maimakon a yi ta danna maɓalli sau hamsin. Adadin wat da ake bugawa da manyan haruffa a kwali ba abin dogaro ba ne. Ƙaramar lasifika mai wat 3 na gaske ta ishi ɗaki ko shago.

Batir

A garin da ake ɗauke wuta, batir ne rabin rediyo. Iri uku aka fi gani. Akwai BL-5C, batirin tsofaffin wayoyin Nokia, mai ƙarfin kimanin mAh 1000 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), wanda ke da sauƙin samu amma yana saurin ƙarewa idan an ƙure murya. Akwai 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65, wanda ke ba da bolt 3.7, na ainihi ba ya wuce mAh 3500 ko kusa da haka, don haka duk wanda aka rubuta wa 9900 jabu ne, kuma sau da yawa rashin nauyinsa a hannu ma yana tona shi. Sai kuma akwatunan da ke karɓar batirin caji tare da busassun batura na kanti, waɗanda su ne suka fi dacewa da mai tafiya ƙauye. A ra'ayin masu gyara da masu dogon amfani, batirin da ake buɗe murfi a cire ya fi wanda aka liƙe a ciki nesa ba kusa ba, domin batirin caji yana tsufa cikin 'yan shekaru, kuma abin takaici ne a jefar da akwati lafiyayye saboda abin da za a iya sauyawa da kuɗi kaɗan. Ƙaramin farantin sola da ke bayan wasu akwatuna yana taimakawa, amma cikarsa na da jinkiri ƙwarai, kuma shanya akwati a ranar bazara ta Zariya yana gajiyar da batirin da ke ciki.

Gwaji kafin saye

Cikin kasuwa wuri ne mai wahalar gwada rediyo, saboda janareta da inbata da caja da fitilun zamani duk suna zuba ƙara a matsakaici da gajeren zango. Ya kamata mai saye ya roƙi mai shago su ɗan fito fili, a cire caja, a ja eriya duka, a nemi tashar Kaduna a FM, sannan a koma matsakaicin zango a juya akwatin. Idan akwatin na da fitilu masu walƙiya, a kunna su a ji ko ƙara ta ƙaru, domin a ƙira marasa kyau fitilun da na'urar ƙara sauti su ne ke toshe kunnen rediyon da kansu. A murɗa maɓallin murya daga ƙasa zuwa sama a ji ko sautin na yin ƙara ko yankewa, a girgiza gindin eriya, a haɗa Bluetooth da waya a ja baya taku goma. Gindin eriya da bakin caji su ne suka fi kai rediyo wurin mai gyara, kuma bakin caji irin na USB-C ya fi tsohon ƙaramin baki juriya. Galibin akwatunan yanzu, har da masu allura, ƙwayar lantarki ɗaya (chip) ce ke sarrafa kamun tasha a cikinsu, abin da ya sa suke riƙe tasha daram ba tare da zamewa ba, sai dai idan ƙwayar ta ƙone ba kasafai ake samun gyara ba. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ta gurbin memori da na filash, don haka akwatin da ke da murfin roba a kan waɗannan ramuka, ko wanda aka ɗinka wa jaka, ya fi daɗewa a shago ko a gona.